Ɗan Fari a Ɗakin Likita

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba mu Inna, shi kuma ya karɓi abarsa. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro a kan maganar. Ba tausayi nake nema ba. Na san a ƙasar nan tamu akwai 'ya'yan fari irina da yawa, kowa da tsohuwarsa a gida, kowa yana ganin in dai shi ya ɗauke ta ya kai ta asibiti da ƙafarsa, to ya gama biyayya. Ni ma haka na ɗauka. Don su nake rubuta wannan.

Sunana Garba, a Sabon Birni nake zaune, fatauci ne sana'ata. In kai gero da wake Maraɗi, in ɗauko dabino da atamfa in dawo. Ni ne ɗan fari a wajen Inna. Wanda ba ɗan nan ba ne, bari in yi masa bayani: a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta zama hira da shi. Kunya ce, kuma abin yabo ce. Inna kuwa uwarta Bafillata ce, ubanta Bagobiri, don haka tata kunyar ta fi ta kowa a unguwa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, a ɗakinta na girma. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan". In ina gabanta tana so in ji wani abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa, in babu kowa ta gaya wa bango: "A ce mashi ya sha ruwa."

Ban taɓa ganin laifinta ba, amma ƙarya nake in na ce abin bai ci mini rai ba. Ƙanwata Saratu, autarmu, wadda ke aure a Kamarawa, sai ta zo ta kwanta a kan tabarmar Inna su yi ta ƙus-ƙus suna dariya. Ni kuwa in durƙusa daga bakin ƙofa in gaisar, a amsa wa bango, in tashi.

Da zaman ƙauyenmu na kusa da Unguwar Lalle ya gagara, kowa ya san dalili, Saratu ta ce a kai mata Inna. Na ce faufau, uwa ba ta zaman gidan suruki alhali ɗanta namiji yana raye. Wannan gaskiya ce, kowa ya goyi bayana. Amma abin da ke can cikin zuciyata daban ne. Cewa nake yi, wannan karon Inna tawa ce, ni ma za ni samu rabona. Na gyara mata ɗaki kusa da na matata Rabi, na sa aka yi mata banɗakinta ita kaɗai, na kawo ta bayan girbi.

Tun zuwanta akwai abubuwan da na gani ban gane ba. Ba ta yarda a wanke mata kaya, da kanta take yi, kuma a cikin ɗaki take shanya. Turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakin, har yakan sa ni tari in na je gaisuwa. Ranar da na ɗauko ta ma sai da ta shimfiɗa buhu a kujerar mota kafin ta zauna, na ce a raina tsofaffi da tsoron ɓata kayan mutane. Sai wata rana ina shirin Maraɗi Rabi ta ce mini, "Baban Aisha, Inna ta ce a ce maka ka sawo mata zane, amma mai duhu." Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Tunda nake, Inna ba ta taɓa roƙona komai ba. Turmi uku na sawo, baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, ina tafe a mota ina murmushi ni kaɗai.

Sati na farko na jinya, rama ce ta sa muka je asibitin garinmu. Ta daina cin tuwo sai ɗan kunu, tana tafiya tana dafe ƙugu. Muka isa da sassafe muka tarar da layi har bakin ƙofa, mata da goyo, tsofaffi a kan benci, wasu a ƙasa. Da aka yanka mata kati na ari biro na juya bayansa na rubuta da manyan baƙaƙe: Mai jinya, Garba, na sa lambar wayata a ƙasa, don kada a kira wani ba ni ba. Inna ba ta karatun boko, amma ta ga lokacin da nake rubutawa.

Sai wajen azahar aka kira mu. Rabi ta miƙe za ta kama ta su shiga, na ce, "Zauna, ni za ni shiga." Ma'aikacin da muka samu dattijo ne mai furfura a gemu, mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya dubi Inna ya ce, "Inna, mi ka damun ki?"

Ta juya fuska wajen bango. "Ciki."

"Ciki ta ina? Sama ko ƙasa?"

Ta yi shiru. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, ba na iya jure shiru, in ciniki ya tsaya sai na cike shi da magana. Na ce, "Sama ne, malam. Ba ta cin abinci, ga goro tun safe. Olsa ce kawai."

Ya ce, "Haka na, Inna?" Ta gyaɗa kai. Ya rubuta maganin olsa da na ƙarin jini, ya ce mu dawo bayan sati biyu. Na fito ina jin kaina, har ina gaya wa Rabi ai shi ya sa ake son mai baki ya shiga da mara lafiya.

Sati na uku muka koma, aka yi gwajin jini aka ce akwai ɗan taifot, aka ba da allurai. A satin ne 'yan dubiya suka fara cika gida, kowa da nasa maganin. Wannan ya ce jiƙon saiwa, wancan ya ce rubutu, wata ta ce a daina ba ta madara. Duk wanda ya ce mata, "Ya jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi." Ni ma kullum safe in durƙusa a bakin ƙofa in tambaya, bango ya ce mini da sauƙi, in tafi kasuwa da kwanciyar rai.

Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, ita ta fi kowa yawan shawara. Ta zo da ƙullin garin magani har kala huɗu, ta ce iska ce, ta ce sammu ne, ta ce kewar gida ce. Na gaji da ita ƙwarai. Amma da na raka ta zaure za ta tafi, ta tsaya ta ce, "Garba, in za ku koma asibiti ka bar mace ta shiga da ita. Kai ɗan hwari na." Na ce to, Gwaggo. A raina na ce tsohuwar nan ba ta rasa abin faɗa. Cikin maganganunta ɗari, wannan ɗaya ita ce magani, kuma ita na fara zubarwa.

Akwai abin da har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse. Cikin sati na huɗu Rabi ta same ni tana kame-kame, ta ce ta lura Inna ba ta salla kwana biyu. Inna! Matar da tun ina yaro nake jin ana ba da misali da ita wajen ibada. Na ɗauka kasala ce ta ciwo, ko kuwa tsufa ya fara taɓa tunaninta. Na tsaya a tsakar gida, daidai tagarta, na ɗaga murya yadda za ta ji: "Rabi, ki ce ma Inna ciwo ba ya ɗauke salla. Ko daga zaune ta yi." Daga ciki na ji ta ce, "To." Washegari ta fito da tabarma ta yi la'asar a inda za ni gan ta. Na ji daɗi, na ce wa'azina ya yi aiki.

Sati na shida ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki da hantsi. Muka kwashe ta sai asibiti. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata leda biyu. Ɗaya na saya, ɗaya aka ɗiba a jikina, kuma duk wanda ya zo dubiya sai na san yadda na yi na gaya masa. Dattijon nan mai furfura ya zo bakin gadonta yana juya kati a hannu. Ya ce, "Abin nan na ba ni mamaki. Jinin ga ina shi ka zuwa? Inna, akwai inda jini ka hita? Amai, ko bayan gida, ko ta wani wuri?"

Ina tsaye a kanta. Na ga ta saci kallon takalmina, ba fuskata ba, takalmina. Ta ce, "A'a."

Mutumin nan ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, ko za ka ɗan ba mu wuri? In kira ma'aikaciya mace ta yi magana da ita."

Ku ji abin da na ce. Na ce, "Haba malam, uwata ce fa. Mi za ta ɓoye min? Rashin cin abinci ne ya shanye mata jini."

Ana ta kiransa daga waje, ga wani an kawo ranga-ranga, sai ya ajiye kati ya tafi. Ba na ɗora masa laifi ko kaɗan. Ya buɗe ƙofar, ni na rufe ta da hannuna.

A satin nan ne Saratu ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bar ni in zo in kwana biyu, in shiga da ita wurin likita. Inna ba ta iya hwaɗin komi gabanka, kai ma ka sani."

Maganar ta soke ni a inda ban so ba. Na ce, "Ke Saratu, ni za ki koya ma jinya? Jinina ke yawo a jikinta yanzu haka. Hanyar ga ta garin Isa kin san yadda take, ki zauna ki kula da 'ya'yanki, in ana buƙatar ki za a kira ki." Hanyar kam ba kyau, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ni da nake bin hanyar Maraɗi duk sati biyu, ba tsoron hanya ne ya sa na hana ta ba. Kishi ne. Ban so ta zo ta kwanta a tabarmar Inna su yi ƙus-ƙus a cikin gidana ba.

Daga nan sai abu ya riƙa tafiya yana dawowa. Ƙarin jini ya ɗan tashe ta, ta yi sati biyu tana fitowa shan hantsi, na ce alhamdulillahi an gano bakin zaren. Sai ta sake komawa. Ciwon ƙugu ya kai ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Muka koma asibiti karo na huɗu, na sake shiga, na sake yin bayani, aka sake ba da magani. Na fasa tafiya Maraɗi sau uku, na sayar da ragon da nake kiwo don layya, kuma ban ji ciwon ko ɗaya ba. Duk abin da kuɗi ko ƙarfi ke yi na yi shi. Abin da ake so in yi kuwa kyauta ne, taku biyar ne zuwa bayan ƙofa.

Cikin wata na huɗu ƙafafunta suka kumbura, shaƙuwa ta kama ta ba ta saki, Rabi ta ce butar da take kai mata banɗaki ma ba ta taɓawa. Dattijon nan ya duba ta ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Sakkwato. Muka shirya ranar da motoci ke fita a jere da safe saboda rashin tsaron hanya. Ina isa tasha na ga Saratu zaune a kan ƙullin kayanta. Ba ta nemi izinina ba, mijinta ya kawo ta tun jiya ta sauka gidan ƙawarta. Ta gaishe ni, na amsa da ƙyar. Ta shiga baya ta ɗora kan Inna a cinyarta har muka isa.

Kwana biyu muka yi kafin mu ga likitar da aka tura mu wajenta. Yau a ce gwajin jini, gobe a ce hoto, layin karɓar sakamako daban, ga tsohuwa a keken marasa lafiya tana shaƙuwa. Da aka kira mu, duk da Saratu na nan, ni na tura keken na shiga gaba. Likitar mace ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni, da tabarau a kan hanci. Ta karanta takardun, ta ɗaga kai.

"Kai mi ne nata?"

"Ɗanta ne. Na fari."

Ta ajiye biro. "Duk asibitin da kunka je, wa ka shiga da ita?"

Na ce, "Ni. Ban taɓa barin kowa ba." Wallahi da alfahari na faɗa, ina jiran ta ce Allah ya yi maka albarka.

Ta ce, "To yau ka bari. Fita, Alhaji. Ke zauna."

Na fito raina a ɓace. Na tsaya a baranda ina ta saƙa yadda za ni gaya mata cewa ba a yi wa magidanci haka a gaban ƙanwarsa. Ko rabin sa'a ba a yi ba aka leƙo aka ce in shigo. An ja labule a kan Inna, Saratu na tsaye idonta ja wur. Likita ta ce in zauna.

Maganarta ta zauna a kaina har yau, kalma kalma. Ta ce ciwon daji ne na bakin mahaifa. Ta ce ya daɗe yana zubar mata da jini ta ƙasa, tun kafin ta bar ƙauye, yanzu kuma ya girma har ya toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, shi ya kawo kumburi da shaƙuwa. Ta ce mace in ta manyanta ta daina al'ada, sannan jini ya dawo mata, ko ɗigo ne, ba a kwana da shi a gida.

Na ce, "Likita, da an gano tun zuwanmu na farko fa?"

Ta cire tabarau. Ta ce, "Alhaji, ba za ni yi ma ƙarya ba. Ban san ko da ta warke ba, wannan sanin Allah ne. Amma wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Da muna da abin gwadawa. Yanzu abin da ya rage shi ne mu rage mata wahala."

A waje na jira Saratu ta zage ni, da ta yi da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zauna a gefen baranda tana share ido, ta riƙa gaya mini abin da Inna ta faɗa bayan na fita. Wankin da take yi a ɓoye, tsummoki ne. Turaren, don wari ne. Sallar da ta bari, ta ɗauka jinin nan ya hana ta tsarki, kuma ba ta da wanda za ta tambaya, washegarin ranar da na yi mata wa'azi ta taga kuwa ta tashi ta yi ne don kada in ce uwata ta bar addini, tana yi tana ganin zunubi take ɗauka. Sai Saratu ta ce, "Zanen da ta ce ka sawo mai duhu, Yaya, don kada a ga tabo na."

Na kira Rabi a waya na hau ta da faɗa, ke da kike kwana kusa da ita ba ki ga komai ba? Ta fashe da kuka. Ta ce ta ji warin, ta kuma taɓa ganin tsumma, ta tambayi Inna sau ɗaya Inna ta ce ba komi. Ta ce, "Baban Aisha, da wane baki za ni gaya maka irin wagga magana a kan mahaihiyarka? Na miƙe in shiga da ita ran nan, ka ce in zauna." Sai na kashe wayar. Inna na jin kunyata, Rabi na jin kunyar Inna da tawa, mutum ɗaya da babu kunya tsakaninta da ita na tsare ta a Kamarawa.

Sati uku muka yi a asibitin nan. Saratu ce a ciki, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Ni na koma inda ya kamata in kasance tun farko, gindin dogon yaro tare da sauran maza, in an rubuta magani in ruga in sawo, in ruwa ya ƙare in ɗebo. Akwai ranar da na zagaya shaguna biyar kafin in samu allurar rage zafi, na dawo ina ta masifa. Amma ba za ni manta alherin nas ɗin da ke canza mata shimfiɗa ba tare da ta taɓa yamutsa fuska ba, da wasu mutanen Gangara da ke jinyar tasu tsohuwar a gadon kusa, waɗanda ba su taɓa dama kunu ba su miƙo wa Saratu ba. Likitar nan kuma, wadda na so in gaya wa magana, ita da kanta ta zauna ta gaya wa Inna cewa jinin ciwo ba ya hana salla. Saratu ta ce Inna ta yi ta kuka, ta ce a ba ta dutsen taimama. Daga ranar ba ta sake barin ko ɗaya ba, daga kwance take yi.

A sati na uku tunaninta ya fara rikicewa. Likita ta riga ta gaya mana haka za ta faru, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ne ke hawa kai. Wani lokaci ta kira Saratu da sunan yayarta da ta rasu, wani lokaci ta ce a kora awaki daga rumbu.

Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci da farin kaftani, na leƙa ɗakin. Saratu ta fita wanki. Na tsaya daga ƙafar gado kamar yadda na saba, na ce, "Inna, ya jiki?"

Sai ta juyo ta kalle ni. Ido cikin ido. Ban taɓa sanin cewa akwai ɗan ɗigon baƙi a farin idonta na hagu ba sai ranar.

Ta ce, "Likita, ka zo? Matso."

Ban gaya mata ni ne ba. Na matsa na zauna a kujerar Saratu. Ta kama hannun rigata.

"Likita, ba sauƙi. Jini na. Tun muna gida shi ka zuba, dare da rana. Ga ƙugu kamar ana sara. Na gaji, likita."

Duk abin da dattijon nan ya roƙe ta ta faɗa wata huɗu da suka wuce, ta zayyana mini shi tiryan-tiryan, har da ranar da ya fara. Na ce, "Inna, mi ya hana ki hwaɗi tun wuri?"

Ta rage murya, ta waiga wajen ƙofa. "Wancan na ka shiga da ni. Ɗana na hwari. Ƙaƙa za ni yi? Shina tsaye bisa kaina." Sai ta ƙara riƙe rigata. "Amma kada ka yi mashi hwaɗa, likita. Yaron kirki na. Har jininai ya ba ni. Ban ko gama kallonai ba anka ɗauke min shi, ga shi yau shi ka wahala da ni. Ina jin tahiyatai tun daga zaure, ina gane ta cikin ta mutum goma."

Ya kamata in yi shiru a nan. Amma son kaina bai ƙare ba, ko a wannan lokacin sai da na nemi wani abu don kaina. Na ce, "Mi ne sunanai, Inna?"

Ta saki rigata. Ta ja bakin zane, ɗaya daga cikin masu duhun nan, ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa kamar yarinya.

"Kai likita, ba ka da ta ido. Duba bayan kati. Shi yar rubuta da hannunai."

Bayan kwana huɗu ta cika, da hantsi, kanta a hannun Saratu. Ina gindin dogon yaro aka aiko a kira ni. A Sakkwato muka binne ta.

Malamai sun yi mini nasiha, sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Saratu ta ce ta yafe mini, Rabi ma haka, Gwaggo Ige ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, Allah ya saka mata. Amma ni na san abin da na yi. Don haka ɗan'uwa, in kana da tsohuwa ko tsoho a hannunka, kada "da sauƙi" ta ishe ka. Dubi wanki, dubi shimfiɗa, dubi abin da aka daina yi. In kun je asibiti, kada ka tambayi kanka wa ya fi girma ko wa ke biya, tambayi wa take iya buɗe baki a gabansa, ko da autar gida ce, ko da maƙwabciya ce. In likita ya yi tambaya aka yi shiru, kada ka cike shirun nan, ba naka ba ne. Ka kai ta har bakin ƙofa, ka tsaya a waje.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Inna addu'a, Allah ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi gare ta, ya haskaka kabarinta. Ni kuma a roƙa mini gafara.

Katin nata na asibitin garinmu yana cikin aljihun gaban rigata, da shi nake zuwa Maraɗi in dawo. A ciki, zuwanmu huɗu na farko, kowanne an rubuta ciwon ciki, kuma ba ita ta yi bayanin ba. A baya kuwa, in na juya, ga shi nan da manyan baƙaƙe, inda ta ce a duba.